Wa Ya Ce In Duniya Ta Rushe Sai Mun Ci Naman Juna?

Masu jiran babi na gaba su yi mini afuwa, yau ba ci gaban labari na kawo muku ba. Wata magana ce ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, na ga gara in amayar da ita in huta.

Maganar kuwa a kan finafinan nan ne na bayan rushewar duniya, waɗanda Turawa suka fi shekara 60 suna yi, kuma yanzu da wuya ka buɗe wayar saurayi ka rasa ɗaya ko biyu a ciki. Kowa ya san yadda ake fara su. Sama ta yi launin toka, birni ya zama kufai, motoci sun yi tsatsa a kan titi, ciyawa ta tsiro a cikin banki. Wani lokaci a ce bam ɗin nukiliya ne ya jawo, wani lokaci annoba, wani lokaci ruwa ko ƙanƙara. Sai a nuno jarumi shi kaɗai da bindiga, in an tausaya masa a haɗa shi da kare, kamar yadda aka yi wa Will Smith a I Am Legend na 2007. Daga nan har fim ya ƙare darasi ɗaya ake nanata maka: in ka hango hayaƙi daga nesa kada ka yi murna, mutane ne, kuma mutum ya fi annobar haɗari.

Ni ba na musun cewa duniya za ta iya lalacewa. Wanda ya san abin da aka yi wa Hiroshima a 1945 ba zai yi wannan musun ba. Rigimata da masu waɗannan finafinai a kan shaidar da suke bayarwa ce game da ɗan Adam. Cewa suke yi duk mutuncin da kake gani a jikin maƙwabcinka aro ne, ɗan sanda da wutar lantarki da kantin sayayya ne suke riƙe da shi, ranar da aka janye ukun nan kura za ta fito daga cikin rigarsa. Wannan shaidar zur ce, kuma an daɗe ana sayar mana da ita da sunan gaskiya mai ɗaci.

Mu ɗauki The Road na 2009, wanda aka ciro daga littafin Cormac McCarthy na 2006, tun da shi ne ake ɗauka a matsayin mai hankalin cikinsu. Uba ne da ɗansa suna tura 'yar kurar kanti da tarkacensu a ciki, sun nufi kudu neman bakin teku. Uwar yaron ta gaji, ta fita cikin duhu ba ta dawo ba. Uban yana da ƙaramar bindiga da harsashi biyu, har yana koya wa yaron yadda zai sa ta a baki idan aka kama su, domin waɗanda suka rage a duniya akasarinsu masu cin naman mutane ne. Akwai wurin da suka buɗe ɗakin ƙarƙashin wani gida suka tarar da mutane tsirara an kulle su kamar tumakin layya, ana yanka ana ci da kaɗan-kaɗan. Aikin fim ɗin ya yi kyau, ban hana shi ba, kuma Viggo Mortensen ya iya ramewa. Amma ka lura da lissafin: awa kusan biyu na mugunta, sannan a mintocin ƙarshe a fito da iyali ɗaya na kirki su ɗauki yaron, kamar wanda ya ba ka buhun ƙaya ya ɗora dabino ɗaya a kai. Shi kuwa 28 Days Later na 2002 bai ma yi haƙurin shekaru ba. Kwana 28 kacal da ɓarkewar cuta a Ingila, ko wata guda ba a cika ba, 'yan tsirarun da suka tsira suka bi sanarwar rediyo zuwa wurin sojoji kusa da Mancesta, ashe kwamandan alƙawarin mata ya yi wa yaransa.

Na Mad Max kuwa dariya yake ba ni. George Miller, wanda ya fara shi a 1979, likita ne a Ostareliya kafin ya shiga harkar fim, kuma abokin rubutunsa James McCausland ya ɗauko tunanin ne daga ƙarancin man fetur na 1973, lokacin da ya ga yadda mutanen ƙasarsu suka fusata a layin gidan mai. Daga wannan ɗan layin suka hango duniyar da za a riƙa kashe juna a kan tankar mai, wadda suka nuna a kashi na biyu a 1981. To jama'a, in layin mai ne yake mayar da mutum dodo, ai da tuni babu sauran mai rai tsakanin Legas da Maiduguri. Mun kwana a layi, mun yi zage-zage, 'yan bumburutu sun ci kasuwarsu, amma a layin nan ne za ka ga wanda bai san ka ba ya taya ka tura mota, mai shayi ya ba ka bashi. Rashin wuta, rashin ruwan famfo, rashin asibiti, rashin ɗan sandan da zai zo in ka kira, wato duk abin da fim yake kira ƙarshen duniya, shi ne ranar Talatar miliyoyin mutane a Afirka da Asiya, kuma suna aure suna suna, suna zuwa gaisuwar mutuwa. Wani abin ma, da aka tashi ɗaukar Fury Road wanda ya fito a 2015, an shirya yin sa ne a hamadar Broken Hill ta Ostareliya, sai ruwan sama ya sauka da yawa, hamadar ta yi kore shar har da furanni. Ƙasa ta ƙi mutuwa yadda darakta yake so, dole aka kwashi motoci da ma'aikata aka tafi Namibiya neman inda ya fi kama da halaka.

Wani zai ce ai layin mai wasa ne, yunwa ta gaske ake magana. To mu je inda aka yi yunwa ta gaske. Sojojin Jamus sun kewaye birnin Leningrad na Rasha daga Satumba 1941 zuwa Janairu 1944, kwana 872. Mutum wajen miliyan biyu da rabi ne a ciki. A ƙarshen 1941 rabon burodin wanda ba ma'aikacin masana'anta ba ya sauko zuwa giram 125 a rana, shi ma an gauraya shi da abin da ba gari ba, ga sanyin da ke daskarar da ruwa a cikin ɗaki. Fiye da mutum 600,000 yunwa ta kashe. An ci naman mutane? An ci, ba a ɓoye ba, 'yan sandan asiri sun kama kimanin mutum 2,000 da wannan laifi. Yanzu ka aza 2,000 a gefen miliyan biyu da rabi, ka ga ko ya yi kama da lissafin The Road. Dubban ɗaruruwa sun zaɓi su mutu da yunwa a kan su taɓa gawa. A cikin birnin nan akwai wata cibiya da masanin tsirrai Nikolai Vavilov ya tara irin shuka daga sassan duniya, shinkafa da gyaɗa da dankali da alkama. Ma'aikatanta suka yi gadin irin nan, wasunsu suka mutu da yunwa a tsakiyar abinci, saboda suna tunanin manoman da za su buƙace shi bayan yaƙi. Da marubucin Holiwud ne ya ƙirƙiro wannan, da an ce masa ya cika son zuciya, mutane ba haka suke ba.

Haka labarin yaran Tonga. A 1954 William Golding ya rubuta Lord of the Flies, inda yaran makaranta suka maƙale a tsibiri suka koma farautar juna, an yi fim ɗinsa a 1963 da 1990, kuma shi ne kakan wannan tunani gaba ɗaya. A 1965 abin ya faru da gaske: yara shida 'yan makarantar kwana a Tonga suka saci kwale-kwale, iska ta kai su wani tsibiri da ba kowa mai suna Ata, suka yi wata 15 kafin wani matuƙin jirgi ɗan Ostareliya, Peter Warner, ya tsince su a 1966. Ya same su da lambu, da wutar da ba su bari ta mutu ba, da tsarin aiki bibbiyu. In biyu suka yi faɗa sai a raba su kowa ya je ya huce. Ɗaya ya karye a ƙafa, suka yi masa ɗori da itace, ya warke. Littafin ƙirƙira ana karantar da shi a makarantun duniya, labarin gaske kuwa sai da aka shekara fiye da 50 kafin yawancin mutane su ji shi.

Da abin ya tsaya a nishaɗi da ban ɓata tawadata ba. Matsalar ita ce wanda ya yarda maƙwabcinsa kura ne, ranar masifa da bindiga zai tarbe shi. A ƙarshen Agusta 2005 guguwar Katrina ta fasa shingayen ruwan New Orleans a Amurka, kusan kashi 80 cikin 100 na birnin ya nutse. Waɗanda suka kasa gudu, akasarinsu baƙaƙen fata matalauta, fiye da 20,000 suka taru a babban filin wasan da ake kira Superdome. Nan da nan labari ya cika duniya cewa ana yanka mutane a ciki, ana yi wa ƙananan yara fyaɗe, gawawwaki sun yi tsibi. Ba 'yan gulma kaɗai suka faɗa ba, magajin gari da shugaban 'yan sandan birnin da bakinsu suka faɗa a talabijin. Magajin garin ya janye 'yan sanda kusan 1,500 daga aikin ceto ya tura su kamun masu wawaso, alhali tsofaffi suna kan rufin gida suna jiran ruwan sha. Da ruwa ya janye aka shiga ƙirga, gawa shida aka samu a filin wasan, kuma babu ko ɗaya da aka tabbatar kashe shi aka yi. Su wa suka yi kisa? A ranar 4 ga Satumba 'yan sanda suka buɗe wuta a gadar Danziger a kan mutanen da ko wuƙa ba su da ita, suka kashe biyu, ɗaya yaro ɗan shekara 17, ɗaya mai taɓin ƙwaƙwalwa, suka raunata huɗu, sannan suka shirya ƙarya, daga baya kotu ta ɗaure su. A wata gadar kuma 'yan sandan garin Gretna ne suka tare masu gudun ruwa da harbi a sama suka mayar da su. A lokacin nan masunta da mafarauta na Louisiana suna ta jawo jiragensu na kamun kifi suna kwashe mutanen da ba su taɓa gani ba. Ban ce fim ne ya ja kunamar bindigar Danziger ba, wariyar fata ta girmi sinima. Amma hoton da ke cikin kan mai harbin da hoton da ke kan allon sinima iri ɗaya ne. Abin takaici, da aka zo ɗaukar The Road, har unguwannin da Katrina ta rusa aka je aka ɗauki wasu wurare. Sun ari kangon, sun bar labarin masu kwale-kwalen a can.

Masana a Amurka sun san wannan tun tuni. Tun 1963 aka kafa cibiyar binciken bala'o'i a jami'ar jihar Ohio, kuma abin da suka yi ta gani a girgizar ƙasa da gobara da ambaliya shi ne, waɗanda suke fara ceto maƙwabta ne, tun kafin motar hukuma ta iso. Inda ka ga an yi kisan ƙare dangi, kamar Ruwanda a 1994, duba da kyau za ka tarar akwai gidan rediyo, akwai jerin sunaye, akwai masu mulki da suka tsara. Shugabanci ne ya yi wannan aiki, ba rashinsa ba.

Mu ma ba sai an ba mu labari ba. A 2014 da farkon 2015, lokacin da Gwoza da Bama da Baga suka faɗa hannun Boko Haram, duniyar mutanen garuruwan nan ta tashi a zahiri: gida ya ƙone, gona ta tafi, hukuma ta gudu. Suka kwararo Maiduguri da Yola da Diffa ta Nijar a ƙafa. Mafi yawansu ba a sansani suka sauka ba, a gidajen mutane suka sauka, gidan ɗan'uwa, gidan abokin ciniki, gidan wanda suka haɗu da shi a masallaci. Mai ɗaki biyu ya kwana da mutum ashirin. An yi zalunci a lokacin, an karkatar da abincin agaji, an ci zarafin mata a sansanoni, amma rahotannin da suka fito sun fi nuna masu riƙe da mabuɗin sito da masu tsaron ƙofa, ba talakan da ya raba tuwonsa ba.

Na san abin da masu kare finafinan za su ce: gargaɗi ne, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta shafa wa naka ruwa. Akwai wanda ya cancanci wannan suna, ba zan yi masa rowa ba. The Day After da aka nuna a talabijin ɗin Amurka a Nuwamba 1983, mutum kusan miliyan 100 suka kalla, Shugaba Reagan da kansa ya rubuta a kundin sirrinsa cewa ya bar shi cikin damuwa, kuma a 1987 shi da Gorbachev suka sa hannu a yarjejeniyar rage makamai masu linzami. To amma wannan fim ya nuna maka daga ramin da makaman suka tashi, ka san gwamnatoci ne suka harba, kuma jaruminsa likita ne da yake ta fama da majinyata har ƙarfinsa ya ƙare. Mai kallo ya tashi ya san ƙofar da zai je ya buga. A The Road ko abin da ya kashe duniyar ba a faɗa ba. Idan ba a san musabbabi ba ai babu mai laifi, babu kamfani, babu janar, babu ɗan siyasa, sai maƙwabcinka kawai da ke lasar baki. Gargaɗin da bai ce maka ka hana komai ba, sai dai ka tanadi gwangwani da harsashi, talla ce. Shi ya sa da korona ta shigo a Maris 2020, aka ga dogayen layuka a shagunan bindiga na Amurka. Cutar numfashi ce fa, ban san wa za su harba ba.

Wani kuma zai ce ai mu ma labarin ƙarshen zamani da muka taso da shi ya fi na fim tayar da hankali. Haka ne. Sai dai namu yana da hisabi a ƙarshensa, za a tambaye ka maƙwabcin da ya kwana da yunwa. Na fim cewa yake ranar da abin ya zo an ɗauke maka nauyin maƙwabci, duk abin da ka yi don ka rayu halal ne. Nisan da ke tsakanin biyun ya fi na gabas da yamma.

Abin da ya ƙara tunzura ni shi ne yadda wannan ra'ayi ya fara shigowa cikin alƙalumanmu. Mu da ake kira marubutan kasuwar Kano mun sha gori: wai mafarki muke sayarwa, wai kullum sai an yi aure a shafin ƙarshe, wai ba mu san rayuwa ba. Yanzu sai ka ga ƙanenmu masu rubutu a waya sun ɗauka alamar ƙwarewa ita ce kowa a labari ya zama maci amana, uwa ta sayar da 'ya, aboki ya soki aboki, a ƙare babu wanda ya tsira, sai masu karatu su ce kai, wannan ya faɗi gaskiya. Wace gaskiya? Wanda ya ce kowa mala'ika ne ya yi ƙarya, wanda ya ce kowa kura ne shi ma ya yi ƙarya, kuma ta biyun ta fi sauƙin rubutawa. Mugu ba ya buƙatar bayani, ka ba shi wuƙa kawai. Amma ka zauna ka rubuta matar da mijinta ya shigo mata da baƙi goma sha biyar daga Bama, tana jin haushi, tana ƙunƙuni a madafa, tana ɓoye ɗan mai a ƙarƙashin gado, kuma duk da haka kullum sai ta ƙara ruwa a miya ta raba wa kowa, wannan ne aikin da ke fitar da gumi.

To wa ya fi yarda da waɗannan finafinai? Hausawa sun ce mugu shi ya san makwancin mugu. A jihar Kansas an mayar da wani tsohon ramin makami mai linzami gidaje hawa 15 a ƙarƙashin ƙasa, ana sayar da kowane sashe miliyoyin daloli. Marubuci Douglas Rushkoff ya ba da labari a littafinsa na 2022 cewa wasu hamshaƙan attajirai biyar sun biya shi kuɗi mai tsoka don ya ba su shawara, kuma tambayar da ta fi damunsu ita ce yadda za su ci gaba da juya masu gadinsu bayan kuɗi ya daina amfani. Har tunanin kulle abinci da lambobin sirri suka yi, da sa wa masu gadin wani abin wuya na horo. Da ya ce musu su fara kyautata wa mutanen tun yanzu, abin bai shige su ba. Mutumin da ya san yadda ya tara dukiyarsa dole ya ji tsoron ranar da ɗan sanda ba zai zo ba. Tsoronsa ne aka yi wa kiɗa da hoto mai kyau aka kawo mana, mu da ba mu da ko ramin ɓuya, muna kallo muna gyaɗa kai wai haka ɗan Adam yake.

In kana son ganin abin tsirara, nemi fim ɗin 2012 na Roland Emmerich, wanda ya fito a 2009. Gwamnatoci sun san duniya za ta nutse, suka ɓoye wa jama'a, suka gina manyan jiragen ruwa a duwatsun ƙasar Sin, kujera ɗaya yuro biliyan ɗaya. An ɗauko giwaye da raƙuman dawa da jirgi mai saukar ungulu, an ajiye zanen Mona Lisa, sarauniyar Ingila ta shiga da karnukanta. Masanin nan ɗan Indiya da ya fara gano masifar, an bar shi da matarsa da ɗansa ruwa ya cinye su. Bayan kwana 27 ruwa ya fara janyewa, sai aka duba taswira aka ga nahiya ɗaya ce ta ɗago sama, wato Afirka, duwatsun Drakensberg sun zama mafi tsawo a duniya. Kiɗa mai daɗi ya tashi, jiragen suka juya suka nufi gaɓar Afirka ta Kudu cike da attajirai da janar-janar. Ba a nuna mana ko mutum ɗaya daga cikin masu ƙasar ba, balle a ji ko an yi musu sallama.